Ciwon Gaut Da Hawan Jinin Ido: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai, su san inda aka kwana cikin wata magana da likitoci suka daɗe suna bincike a kanta, watau ko akwai dangantaka tsakanin ciwon gaɓoɓin nan da a ke kira gaut da cutar idon da ke makantad da mutum ba tare da ya ji ciwo ba. An nufi hakimai da ita saboda su ne talakawa ke jin maganarsu in an zo ga batun zuwa asibiti. Ban da wannan kuma, yawancinsu sun haura shekara 40, ga zama wuri ɗaya, ga wadatar nama, watau su kansu suna cikin mutanen da cututtukan nan biyu suka fi nema.

Ciwon Gaut

Larabawa suna kiransa nikiris, suna kuma yi masa laƙabi da ciwon sarakuna. A ƙasar nan a kan jefa shi cikin jimlar sanyin ƙashi, alhali kuwa asalinsa daban ne. Jikin mutum kullum yana rushe tsofaffin ƙwayoyinsa, yana kuma narkad da abinci, sai wani tsaki ya rage cikin jini wanda likitoci ke kira yurik. Aikin ƙoda ne ta tace shi ya fita tare da fitsari. In jiki ya yi shi da yawa, ko kuwa ƙoda ta gaza fid da shi, wanda shi ne ya fi aukuwa, sai ya taru. In ya wuce miligiram 6.8 cikin kowane desilita na jini sai ya soma daskarewa, kamar yadda gishiri ke kwantawa a gindin tukunya in ruwa ya janye. Abin da ya daskaren nan siffar allura gare shi, kuma cikin gaɓa ya fi son kwanciya. Wani likitan London mai suna Alfred Garrod shi ya nuna, cikin 1848, cewa jinin masu wannan ciwo cike ya ke da yurik.

Ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya kwanta lafiya lau, can tsakar dare sai ya farka da azaba a gindin babban ɗan yatsan ƙafa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, har mayafi ma ba ya son ya taɓa shi. Bayan mako guda ko biyu sai ya lafa kamar ba a yi ba, sa'an nan ya komo bayan watanni, wani lokaci a idon sawu ko gwiwa. In an bar shi shekaru sai ƙulle-ƙulle su fito a gwiwar hannu da yatsu da gefen kunne, cikinsu wani abu fari kamar alli. Maza ya fi kamawa; mata sai bayan al'ada ta ɗauke. Yawan jan nama da kayan ciki, musamman hanta da ƙoda, da kifin gwangwani, da giya, da lemon kwalba mai yawan sukari, duk suna tayad da shi, haka nan ƙiba, da ciwon ƙoda, da waɗansu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari. Yana kuma bin gado. Da Turawa suna zaton ba ya kama baƙar fata sosai, amma asibitocin Afirka sun nuna zaton nan ba daidai ba ne.

Hawan Jinin Ido

Sunan da Hausawa suka ba wannan cuta yana ɗan ruɗa mutane, gama ba jini ne ke hawa ba, ruwa ne. Likitoci suna ce mata gilakoma, Larabawa kuwa shuɗin ruwa, don su bambanta ta da farin ruwa, watau yanar ido. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai da ido ke yi dare da rana, yana kuma fita ta wata magudana mai kama da rariya a kusurwar da baƙin ido ya gamu da fari. Muddin mai shiga da mai fita sun yi daidai, ido na zaman lafiya, kuma in an auna ƙarfin ruwan a kan same shi tsakanin 10 da 21 bisa ma'aunin zaiba. In rariyar ta soma toshewa sai ruwa ya matsa, matsin ya sauka kan jijiyar gani da ke bayan ido, wadda ta ƙunshi zare fiye da miliyan guda. Zaren nan su kan mutu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya mutu kuwa ba ya tofowa. Akwai ma waɗanda jijiyarsu ke lalacewa alhali awon ruwansu bai wuce ƙa'ida ba, shi ya sa awon ruwa kaɗai ba ya isa, sai likita ya leƙa jijiyar da kansa.

Mugun halin cutar shi ne daga gefe ta ke faro ɓarna. Mai ita yana iya karanta wasiƙa, yana iya gane fuskar wanda ke gabansa, amma sai ya riƙa karo da dokin ƙofa, ko babur ya fito masa daga dama bai gan shi ba. Ido ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri har shekaru. Ran da mutum ya tabbata lalle ganinsa ya ragu, galibi an riga an ci rabin gari. A nan ta rabu da yana: mai yana in an yi masa aiki ya kan koma gani, amma abin da hawan jinin ido ya ɗauke ya tafi ke nan. Magani tsayad da ɓarna ya ke yi, ba ya maido da abin da ya wuce.

Akwai wani irinta mai zuwa farat ɗaya, da ciwon ido mai tsanani, da ja, da amai, mutum ya riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila. Wannan ba a kwana da shi a gida. Amma irin mai sanɗa shi ya fi yawa a Afirka ta Yamma, kuma ya kan kama baƙar fata da wuri, da ƙarfi, fiye da Turawa.

Tsakanin 2005 da 2007 an yi ƙidayar makanta a Nijeriya duka, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar yana ita ce kan gaba wajen makantarwa, hawan jinin ido na biye. Cikin kowane mutum 100 da aka duba, wajen 5 suna da ita. Cikin masu ita, kusan 6 kaɗai cikin 100 suka san suna da ita, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. In hakimi ya ɗauki lissafin nan ya auna shi da yawan dattawan ƙasarsa, zai ga ba ƙaramar magana ba ce.

Abin Da Bincike Ya Nuna

Dalilin da ya sa masana suka fara zargin dangantaka shi ne yurik fuska biyu gare shi. In ya daskare cikin gaɓa yana hura wutar kumburi, kuma yawansa ya kan tafi tare da lalacewar ƙananan hanyoyin jini, ga shi kuwa jijiyar gani da ƙananan hanyoyin jini ta ke rayuwa. Amma yurik ɗin nan dai, muddin yana narke cikin jini, yana cikin abubuwan da ke kare ƙwayoyin jiki daga irin tsatsar da ke cin su, har an lura masu yawansa ba su cika kamuwa da ciwon makyarkyata na tsofaffi ba, wanda a ke kira cutar Parkinson. Saboda haka wasu suka ce gaut zai ƙara hatsarin makanta, wasu suka ce a'a, ragewa zai yi.

Aka shiga ƙidaya. Cikin 2010 waɗansu likitocin Japan suka ba da labari cewa sun sami yurik ya fi yawa cikin jinin masu irin gilakomar nan da awon ruwa bai hau ba. Cikin 2019 likitocin birnin Shanghai na ƙasar Sin suka sami akasin haka ga masu gilakoma mai sanɗa: yurik ɗinsu ya gaza na masu lafiyar ido. Cikin 2021 aka buga wani babban bincike daga littattafan asibitocin tsofaffin sojan Amurka, inda aka gwada mutum fiye da miliyan guda masu cutar, ko waɗanda a ke tuhumarta gare su, da wasu kamar yawansu marasa ita. Aka ga masu gaut sun ɗan fi tsira, amma da tazarar da ba ta kai 2 cikin 100 ba, abin da ba zai canja shawarar likita ga kowa ba.

Malamin hakimi, da ya saba da littafin ƙidaya, zai fi kowa gane inda irin wannan lissafi ke da rauni. Littafi ba ya nuna kowa sai wanda aka rubuta. Mai gaut azaba na kora shi asibiti sau da yawa, in ya je kuwa a kan duba shi, a gano masa abin da maƙwabcinsa mai zaman gida ke ɗauke da shi ba a sani ba. Har wa yau, mai gaut sau da yawa dattijo ne, namiji, mai ƙiba, mai hawan jini ko ciwon sukari, yana shan magunguna iri iri. Da wuya a tsame gaut shi kaɗai daga cikin wannan taro a ce shi ne mai laifi, ko shi ne mai ceto. Abin da za a riƙe shi ne: binciken ya saɓa wa juna, ba a tabbatad da cewa gaut da kansa yana jawo hawan jinin ido ba, ba kuma wanda zai dogara da shi ya ce ƙafarsa mai ciwo ta tsare masa ido.

An dai taɓa samun alluran yurik cikin ido kansa, a farinsa da baƙinsa, kuma wasu masu gaut kan yi fama da jan ido da kumburin cikinsa. Kumburin cikin ido, ko mene ne sanadinsa, yana iya toshe rariyar nan. Amma wannan ba kasafai ba ne.

Inda Hatsarin Ya Ke Sosai

Dangantakar da ba jayayya a kanta tana cikin kwalbar magani. Akwai wani jinsin magani da a ke kira sitiroyid, wanda a cikinsa akwai kotison da firedinisolon da dekzametason. Cikin 1948 wani likitan Amurka, Philip Hench, ya fara ba masu ciwon gaɓoɓi kotison, guragu suka tashi suka yi tafiya, har aka ba shi lambar Nobel cikin 1950 tare da wasu mutum biyu. Ba a daɗe ba likitocin ido suka lura irin wannan magani yana ɗaga awon ruwan ido. Cikin shekarun 1960 Armaly da Becker, a Amurka, suka gwada ɗiga shi a idon mutane na mako huɗu zuwa shida. Suka tarar wajen mutum ɗaya cikin uku awonsa ya hau, wajen 5 cikin 100 kuwa ya hau ƙwarai. Masu gilakoma tun asali, kusan dukkansu ya hau, 'yan'uwansu na jini ma sun fi sauran mutane saurin hawa. Maganin yana sa wani datti ya taru cikin rariyar ido ne, ruwa ya rasa mafita. Na ɗigawa ya fi saurin yin haka, amma na sha da na allura ma suna yi in an daɗe a kansu.

To, sitiroyid yana cikin magungunan da likita kan ba mai gaut in ciwon ya tashi, musamman wanda ƙodarsa ko cikinsa ba za su ɗauki sauran magungunan zafi ba. Wannan ba laifi: kwana biyar ne ko makamancin haka, a ƙayyade, a daina. Ɓarna tana faruwa ne bayan mutum ya ɗanɗana sauƙin da ya samu. Ya riƙe sunan ƙwayar, ko kamanninta, duk ran da ƙafa ta motsa ya aiki yaro kemis. Daga nan sai ya mai da ita ta kullum don kada ciwon ya zo. Wani ma bai san yana shanta ba, gama tana cikin haɗin nan da masu tallan magani ke ƙullawa a leda su ce na sanyin ƙashi ne, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna ba takarda. Haka za a yi wata da watanni, ƙafa ta yi shiru, ruwan ido yana hawa, mai shi yana godiya ga mai magani. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Ban da wannan kuma, daɗewa kan sitiroyid yana kawo yana, yana ta da sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi.

Mai shansa da daɗewa yana da alamu: fuska ta yi fam kamar wata, ciki da ƙeya su yi kitse, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi laushi tana saurin ɓarkewa. Mutane kan yi masa barka da samun jiki. Wanda aka ga haka gare shi a tambaye shi abin da ya ke sha. Sai dai a kiyaye abu guda: kada a ce masa ya watsar da maganin rana ɗaya. Jikin da ya saba da shi ya kan daina yin nasa na halitta, in an yanke farat ɗaya mutum na iya faɗuwa, har ya kai ga rasa rai. Likita ne zai riƙa rage masa sannu sannu. In an gano da wuri, awon ido ya kan sauko bayan an daina.

Abin takaici shi ne gaut yana da maganin asali, mai araha, wanda ba ya hawad da ruwan ido. Alofurinol, wanda aka fara amfani da shi cikin shekarun 1960, yana rage yawan yurik da jiki ke yi. A kan fara da kaɗan a riƙa ƙarawa har awon jini ya sauko ƙasa da miligiram 6, sa'an nan a zauna a kansa kullum, ko da ƙafa lafiya ta ke. Da yawa kan bar shi cikin watannin farko, domin a lokacin nan ciwon kan tashi yayin da tsofaffin allurai ke narkewa, sai su ce maganin ne bai karɓe su ba. Likita kan haɗa shi da kolcisin ɗan lokaci saboda wannan. Wanda ya ga ƙuraje sun feso masa bayan ya fara alofurinol kuwa, ya dakata da shi ya koma wurin likita a ranar.

Hanyar kuma tana da komowa. Cikin magungunan hawan jinin ido akwai ƙwayar sha mai suna asetazolamaid, wadda aka fi sani da Diamox, a ke ba da ita tun shekarun 1950 in awo ya hau da yawa. Tana hana ƙoda fid da yurik yadda ya kamata, tana iya ta da gaut ga mai shi, tana kuma iya kawo tsakuwar ƙoda. Ke nan maganin ƙafa na iya cutad da ido, maganin ido na iya cutad da ƙafa, ga kuma likitoci biyu kowa yana ɗakinsa bai san abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba, sai in maras lafiya ya faɗa.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Hakimi ba likita ba ne, ba a kuma nemi ya zama ba. Abin da a ke bukata gare shi ya sa dagatai da masu unguwanni su sanad da jama'a cewa duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a auna idonsa ko ba ya jin kome, a kuma riƙa maimaitawa bayan shekara ɗaya ko biyu. Mai ciwon gaɓoɓi da ya sha magani fiye da 'yan makonni, shi kam kada ya jira shekara. Gidan da aka san uba ko uwa ko wa ya makance ba tare da farin yana a idonsa ba, a aika musu takanas, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. 'Ya'ya da 'yan'uwan mai cutar hatsarinsu ya ninka na sauran mutane sau da yawa.

In likitocin ido masu zagaye sun sauka a gari, jama'a kan turo makafi kaɗai, masu gani su zauna gida. Lalle a gyara wannan, domin mai gani shi ne ke da abin da za a cetar masa. Ya kamata kuma hakimi ya bayyana tun da wuri cewa mai hawan jinin ido in an yi masa aiki ba zai fito yana gani fiye da da ba. An buɗe wa ruwa hanya ne don sauran ganin ya tsaya. In ba a faɗi haka ba, sai ya komo gari ya ce aikin bai yi ba, mutum goma su fasa zuwa, waɗansu su koma ga masu tura yana da tsinke irin na gargajiya, wanda shi kansa yana cikin abubuwan da ke haddasa hawan jinin ido a Arewa. Maganin ɗigawa, irin su timolol da latanofuros, na har abada ne, ba a dainawa don kwalba ta ƙare. Da ya ke sau ɗaya ko biyu a ke ɗiga su a yini, mai azumi yana iya shirya lokacinsu da likita, kafin asuba da bayan magariba. Mai asma ya faɗa kafin a ba shi timolol.

Malami kuwa alƙalaminsa zai yi amfani. Wanda za a tura asibiti, a rubuta masa takarda guda: shekarunsa, da yaushe ciwon ƙafa ya fara, da sunan kowane magani da ya sha da tsawon lokacin da ya yi yana sha, da ko akwai makaho a danginsu. In ba a san sunan ƙwaya ba, a zuba ta a ambulan ya tafi da ita, har da ƙullin ledar nan da na gargajiya, kada ya ji kunyar nunawa. Takardar nan ita zai miƙa wa likitan ƙafa, ita kuma zai miƙa wa likitan ido. In asibitin kusa ba shi da abin awo, a nemi su rubuta masa zuwa babban asibitin jiha, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano.

Awon ba shi da zafi. A kan ɗiga abin da zai kashe jin ido, a taɓa shi da ma'auni, a leƙa jijiyar da fitila, wani lokaci a sa mutum gaban na'ura ya riƙa danna maɓalli duk sa'ad da ya ga ɗigon haske a gefe. In an ɗiga na buɗe ƙwayar ido, gani kan yi hazo 'yan sa'o'i, saboda haka kada ya je shi kaɗai a kan babur ko da mota, ya tafi da mai rakiya. In ya komo, malami ya rubuta awon kowane ido, dama da hagu, da ranar da aka ce ya koma, ya kuma tuna wa mai unguwarsu in ranar ta matso.